Yadda Ake Ceto Tukunyar Zamanin Fir'auna, Daga Rami Zuwa Ma'ajiya

A Abidos, can kudancin Masar, akwai wani fili a bakin hamada da mutanen yankin ke kira Ummul Ƙa'ab, wato uwar tukwane. Duk inda ka sa ƙafa tsingaro ne ke ƙara a ƙarƙashin takalminka. Nan aka binne sarakunan Masar na farko. Daga baya mutane suka ɗauki kabarin ɗaya daga cikinsu, sarki Jer, a matsayin kabarin abin bautarsu Osiris, suka shafe ɗaruruwan shekaru suna kawo hadaya a ƙananan tukwane suna barinsu a wurin. Mai yawon buɗe ido zinariyar Tutankhamun yake zuwa gani. Amma wanda ya taɓa zama a sansanin masu haƙar kayan tarihi ya san abin da ke cika kwanduna kullum fasassun tukwane ne, shaƙaf kamar yadda leburorin wurin ke cewa, kuma yawancin abin da aka sani game da shekarun gida ko kabari daga bakinsu aka ji shi.

Zan bi da kai hanyar da tukunya ke bi tun daga ranar da bakinta ya leƙo daga ƙasa. Ka lura da jerin, domin kusan kowane aiki da za ka yi mata yana rufe ƙofar wani bincike. Wanda ya wanke ya zubar da shaidar abin da aka dafa a ciki. Wanda ya liƙa ya ɓoye karayar da ake karanta yumɓu a jikinta. Sabon shiga kuwa waɗannan biyun yake ɗokin yi tun bai ajiye jakarsa ba.

Ka san a gidan wa kake

Doka mai lamba 117 ta 1983 ta mayar da kayan tarihin Masar mallakar ƙasa. Zamanin da Turawa ke raba abin da aka haƙo da gwamnati, su kwashi rabonsu zuwa Landan ko Balin, ya wuce. Kowace tawaga da izinin ma'aikatar kayan tarihi take aiki, kuma akwai sufeto, mufattish, da ke tare da ita kullum. Fitar da ko ɓarɓashin tsingaro zuwa waje don gwaji abu ne mai wuyar gaske, don haka tun kafin a sa fartanya a ƙasa sai ka tsara inda za a yi gwajin a cikin ƙasar: cibiyar binciken Faransa ta IFAO da ke Alƙahira, ko cibiyar gyaran kayan tarihi ta babban gidan tarihin Giza wadda aka buɗe a 2010, ko wata jami'a.

Mataki na 1: a cikin rami

Kada ka ja. Tukunyar da ta shekara 4000 a kwance sau da yawa ta riga ta tsage, ƙasar da ke kewaye da ita ce kawai ke riƙe da ita. A share gefenta da buroshi da ɗan tsinken katako har ta bayyana gaba ɗaya, a ɗauki hotonta da ma'auni da kibiyar da ke nuna arewa, a ba ta lamba, a rubuta a wane shimfiɗin ƙasa take da abin da ke kusa da ita. Tukunyar da ba a san inda ta fito ba ta rasa fiye da rabin amfaninta, ko da babu ƙwarzane a jikinta.

Idan ta tsage, a naɗe ta da bandeji kamar mai ɗaurin karaya, a tura faranti mai ƙarfi a ƙarƙashinta, a ɗaga ta da ƙasar cikinta. Ba a juye ƙasar nan a bakin rami. A kan teburi ake kwashe ta da cokali, hawa-hawa, don a ciki ake samun ƙwayar hatsi, ƙashin kifi, ko guntun marfin laka mai hatimi. A yankin Delta, can arewa inda kogin Nilu ke shiga teku kuma ƙasa ke da damshi, a yi mata inuwa nan take, ta bushe a hankali. Ranar Masar na iya tsaga jiƙaƙƙiyar tukunya kafin azahar.

Wadda ake sa ran gwada abin da ta ɗauka, da safar hannu ake taɓa ta, a naɗe ta da takardar alminiyom kafin a sa ta a leda. Maiƙon hannu, man shafawa, har sinadarin da ke fita daga leda, duk suna bayyana a na'ura su rikita sakamako. A ɗebi ƙasar gefenta kaɗan a wata jaka don kwatantawa. A wannan aikin ka saurari ra'is, shugaban leburori. Da yawansu 'yan garin Ƙift ne, zuriyar mutanen da Flinders Petrie, masanin kayan tarihi ɗan Ingila, ya fara koya wa haƙa a 1893, kuma hannunsu ya san tukunyar da za ta watse tun kafin idonka ya gani.

Mataki na 2: dubawa kafin ruwa ya taɓa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Ka ɗauki kowane tsingaro ka juya shi ciki da baya a haske mai kyau, kana neman abu huɗu.

Na farko tawada. Mutanen Masar sun mayar da tsingaro takardar talaka: rasit, wasiƙa, jerin sunaye, darasin yara. A Atribis kusa da Sohaj, tawagar jami'ar Tubingen ta sanar a 2022 cewa ta tara irin waɗannan fiye da 18,000. Tawadarsu baƙin gawayi ne ko jan ƙasa da aka dama da ƙaro, kusan irin ta allo. Ka san abin da ruwa ke yi wa allo. Na taɓa tsayawa a kan wani yaro mai wankin tsingaro, ya tsoma ɗaya a daro, ya goga da buroshi sau biyu, sai ruwan ya yi duhu-duhu. Da na karɓa layi biyu ne suka rage a gefe, sauran sun bi ruwa. Laifin namu ne da ba mu tantance kwandon ba kafin ya kai gare shi.

Na biyu fenti. Wanda aka shafa kafin gashi ya kama jiki, kamar jiragen ruwan da aka zana da ja a tukwanen Naƙada, ko shuɗin zamanin Amarna. Wanda aka shafa bayan gashi, kamar na wasu tukwanen da aka yi don kabari kawai, da yatsa ma yana gogewa. Na uku ragowar abin ciki: baƙin ƙanzo, farin dasashi, danƙo mai ƙyalli. Na huɗu rashin gasuwa. Marfin laka da wasu kaskon gasa burodi wuta ba ta ratsa su sosai ba, ko ma ba su ga wuta ba sam, suna shiga ruwa za su koma taɓo.

Duk wanda ya faɗa cikin huɗun nan a ware shi, a rubuta a jakarsa da manyan haruffa cewa ba a wankewa.

Mataki na 3: wanki

A fara da busasshen buroshi mai laushi. Sannan a jiƙa auduga a kan tsinke a gwada a wani lungu. Idan launi ya biyo audugar, a tsaya. Wanda ya ci jarrabawa a wanke shi a ruwa mai tsabta ba sabulu, a sauya ruwan da zarar ya yi laka, don yashin da ke ciki yana kankare fuska. Kada a dirje bakin karaya, nan ne haɗi zai zauna gobe. A shanya a inuwa a kan tabarma ko raga, kowane kwando da takardar lambarsa, a danne ta da dutse saboda iska.

Wani lokaci za ka tarar da farin ɓawo mai tauri ya manne. Wuƙar tiyata a ƙarƙashin gilashin ƙara girma ita ce hanya mafi aminci. Akwai masu sa asid mai rauni, amma a Masar wannan ganganci ne idan ba ka tantance yumɓun ba, domin wasu tukwanen da farar ƙasa aka gina su, asid ba ya bambance ɓawon da jikin tukunyar. Haka kuma wani farin da ke fuskar irin waɗannan tukwane tun wajen shanya da gashi ya fito, na magini ne. Wanda ya kankare shi ya yi gyaran gangar auzinawa.

Mataki na 4: fitar da gishiri

Duk wanda ya ga yadda gishiri ke cin gindin katangar tsohon gida, yaɓe ya kumbura ya zube gari, ya riga ya san cutar. Ƙasar Masar cike take da gishiri: na duwatsun hamada, da na tsofaffin kufai inda fitsarin dabbobi da shara suka ruɓe. Tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970 ake ban ruwa duk shekara, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau a wurare da yawa, yana ɗauke da gishirin zuwa jikin kayan tarihi. Tukunya kuwa kamar soso take. Idan damshin iska ya haura kashi 75 cikin 100, gishirin girki da ke cikinta yana narkewa. Idan iska ta bushe ya sake daskarewa, ƙwayoyinsa su tura fuskar tukunyar daga ciki. Sau goma, sau ɗari, sai ka zo ka tarar da farin gashi-gashi a jikinta da jan gari a ƙarƙashinta.

Ga yadda ake yi. A sami bahon roba mai murfi, a shimfiɗa raga a ƙasansa. A jera tsingaro, a zuba tataccen ruwa wanda aka cire wa ma'adinai, a hankali daga gefe, har ya rufe su ruf. Kada wani sashe ya leƙo waje, domin zai zama lagwani, gishirin duka ya taru a nan. Washegari a tsoma na'urar auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki. Yawan gishiri, yawan lambar da za ta nuna. A rubuta, a zubar, a zuba sabo daidai adadin na jiya, a auna a daidai lokacin jiya. In ba haka ba lambobin ba sa kwatantuwa. Kwanakin farko lambar za ta yi sama, sannan ta riƙa sauka. An gama idan ta sauka kusa da ta tsabtataccen ruwa ta tsaya a nan kwanaki a jere. Siririn kwano na iya gamawa cikin mako guda, ƙaton tulu mai kauri ya ci watanni.

Inda babu na'ura, a ɗebi ruwan a ƙaramar kwalba, a ɗiga asid na naitirik mai rauni, sannan a ɗiga ruwan naitiret na azurfa. Idan ya yi fari kamar an zuba madara, da sauran gishiri.

Abu biyu nake jan kunne a kai. Kada ka fara idan ba ka da lokacin gamawa: gishirin da aka tayar aka bari a rabin hanya ya fi wanda yake kwance ɓarna, kuma lokacin haƙa 'yan makonni ne a cikin sanyi. Sannan ba kowace tukunya ce ke buƙata ba. Mai fenti ko tawada ana iya liƙa mata jiƙaƙƙen ɓarzajjen takarda ya tsotso gishirin yayin da yake bushewa, amma sau da yawa abin da ya fi shi ne a ƙyale ta a akwati mai tsayayyen damshi. Gishirin da bai narke ba ba ya motsi.

Mataki na 5: karanta karaya

Yanzu aka zo wurin daɗi. Da filaya ake ɓantarar ɗan gefen tsingaro, kamar farce, a duba sabuwar karayar da gilashi mai ƙara girma sau 10.

Yumɓun Masar gida biyu ne. Akwai lakar Nilu, wadda ambaliya ke shimfiɗawa kowace shekara. Tana gasuwa ja ko ruwan ƙasa, sau da yawa da baƙin layi a tsakiyar karaya inda wuta ba ta cinye ciyayin ciki ba. Akwai kuma yumɓun hamada mai farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a wajajen Ƙina da Ballas. Yana son wuta mai zafi, yana fitowa fari-fari, ko ruwan hoda, ko da ɗan kore idan ya sha wuta sosai, kuma idan ka ƙwanƙwasa shi yana amsawa da ƙara. Har yau maginan yankin suna gina tuluna da shi.

A 1980 wasu masana suka zauna a Biyana, babban birnin Ostiriya, cikinsu da Dorothea Arnold, Janine Bourriau, Manfred Bietak da Hans-Åke Nordström, suka tsara rabe-raben da ake kira tsarin Biyana, don kowa ya kira abu ɗaya da suna ɗaya. Lakar Nilu daga A zuwa E: A mai laushi da siririn yashi, B mai ɗan ƙaiƙayi, C mai kara da ciyawa birjik wadda ake manyan randuna da ita, D mai ɗigon farar ƙasa, E mai yawan mulmulallen yashi. Yumɓun hamada ma daga A zuwa E. Ƙananan ramukan da za ka gani dogaye a karaya gurbin ƙaiƙayin da ya ƙone ne. Duk wanda ya taɓa kallon magina suna cuɗa yumɓu da ƙafa zai gane su da kallo ɗaya.

A rubuta launin fuska da na karaya da lambar littafin launuka na Munsell, don jan da kake gani wani ruwan goro zai kira shi. Sannan a juya tsingaron a duba ciki. Layuka siri-siri a jere kamar an ja su da zare alamar faifan juyi ne, wanda ya fara shigowa a zamanin tsohuwar daula, lokacin masu gina dala. Gurbin yatsu da kauri marar daidaito alamar ginin hannu ne.

Mataki na 6: siffa da shekaru

Ba duk tsingaro ake zanawa ba. A ƙirga na ciki a auna nauyinsu, a ware masu magana: baki, gindi, mariƙi, da masu ado. A ɗora baki a kan takarda mai zagaye-zagaye a gano faɗin bakin tukunyar, a kifa shi a kan teburi har ya zauna daidai don a san karkatarsa, a zana rabi yana nuna waje, rabi yana nuna kauri da ciki.

Dalilin wannan wahala Petrie ne ya nuna shi. A 1899, bayan ya haƙa makabartun da suka girmi rubutu a wajajen Hu, ya zaɓi kaburbura 900, ya rubuta tukwanen kowanne a siririn kati, ya yi ta jera katunan yana sauya musu wuri har irin da ke tafiya tare suka zauna kusa da juna. Abin da ya ba shi kan zaren wani tulu ne mai mariƙi kamar igiyar ruwa: a farko mariƙin na gaske ne, ana kamawa, sannu a hankali ya ƙanƙance har ya zama layin ado kawai, tulun ma ya sirance. Ya ba matakan lamba daga 30 zuwa 80. Bai fara daga 1 ba don ya bar wuri ga abin da za a gano wanda ya fi tsufa, kuma haka aka yi, a shekarun 1920 aka gano al'adar Badari. An gyara lissafinsa daga baya, amma dabarar na nan. Ƙwararre a yau yana iya ɗaukar bakin kwanon Maidum, wani jan kwano mai sheƙi, ko gindin tulun giya ya faɗa maka daular da aka yi shi.

Mataki na 7: abin da ake kaiwa ɗakin gwaji

Kada ka kai samfuri sai da tambaya a hannu. Gwaji yana cin kuɗi, wani yana cinye samfurin.

Idan tambayar daga ina tukunyar ta zo, ana yanka ɗan guntu a manna a gilashi, a goge shi har kaurinsa ya koma maikiron 30, wato kashi 3 cikin 100 na milimita. A wannan kaurin haske na ratsa shi, kowane ma'adini ya nuna launinsa a maikiroskop, masanin duwatsu ya ce wannan yashin ba na kwarin Nilu ba ne. Da irin wannan bincike da awon sinadarai aka ƙarfafa cewa tuluna kusan 700 da Günter Dreyer ya samu a 1988 a kabarin U-j na Abidos, na wajen 3150 kafin Miladiyya, suna da alaƙa da ƙasar Kan'ana, kuma ragowar cikinsu ta nuna ruwan inabi suka ɗauka.

Idan tambayar fenti ce, akwai na'urar eksire ta hannu mai kama da bindiga, ana ɗora ta a fuskar tukunya ba tare da an ɓantari komai ba. Shuɗin tukwanen zamanin Amenhotep na 3 da Akenaten kobal ne, kuma sauran sinadaran da ke tare da shi sun nuna daga alam ɗin dausayin Dakla da Karga aka samo shi, can cikin hamadar yamma. Sai dai na'urar fuska kawai take karantawa, gishiri da datti na iya yaudararta.

Idan tambayar me aka zuba, ana kankare sama a zubar, a huda cikin bangon tukunyar a ɗebi gari, a jiƙa a sinadari a fitar da maiƙon da ya shige. Misalin da ya fi burge ni na Sakkara ne. A 2016 marigayi Ramadan Hussein ya gano wurin da ake shirya gawa kusa da dalar sarki Unas, wurin kuwa na zamanin daula ta 26 ne, tsakanin 664 da 525 kafin Miladiyya. Kwanukan wurin da yawa an rubuta sunan abin da ke ciki ko inda ake shafa shi. Aka gwada 31, aka fitar da sakamako a 2023. Kalmar antiu, wadda aka daɗe ana fassarawa da mur, wani ƙaro mai ƙamshi, sai ga shi a wannan wurin haɗin man itatuwa ne da kitsen dabba. An kuma sami ƙaron da ake kira damar, na kudu maso gabashin Asiya, da ƙaron wata bishiya dangin atili. Da an wanke kwanukan nan a daro ranar da aka haƙo su, da rubutun da maiƙon duk sun tafi tare.

Auna shekaru da hasken da yumɓu ke fitarwa idan an zafafa shi, dabarar da aka yi amfani da ita a kan gumakan Nok, ta fi amfani wajen kama jabu. Kuskurenta na iya kai ɗaruruwan shekaru, alhali siffar tukunyar zamanin fir'auna kan ba da lokaci mafi ƙunci. Idan za a yi, a ɗebi samfurin kafin a haska tukunyar da eksire. Gwajin kabon 14 kuwa da ƙwayar hatsi ko ciyawar da aka samu a ciki ake yi, shi ya sa na ce kada a juye ƙasar a bakin rami.

Mataki na 8: haɗawa

Sai yanzu gam ya shigo, kuma ba dole ba ne. Tukunyar da aka riga aka zana, ba za a baje ta a gidan tarihi ba, ta fi zama lafiya a warwatse cikin akwati.

Idan za a haɗa, a baje guntayen a teburi, baki a sama, gindi a ƙasa, a nemi haɗi ta kauri da launi da layin juyi. A gwada ginin gaba ɗaya da salatif na takarda ba gam, a lura da jerin da za a bi, domin akwai guntun da idan maƙwabtansa suka riga shi zama ba zai ƙara shiga ba. A cire salatif ɗin a ranar, kada ya kwana ya bar danƙo.

Gam ɗin da aka fi yarda da shi Paraloid B-72 ne, ƙwayoyi kamar ƙanƙara da ake narkarwa a asiton. Ba ya rawaya, kuma bayan shekaru asiton ɗin zai sake kwance shi. A fara da mai ruwa-ruwa, kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a shafa a bakin karayar biyu ya bushe, don kada yumɓu ya tsotse gam ɗin haɗi. Sannan mai kauri, wajen kashi 50, a ja siririn layi a gefe ɗaya, a haɗa, a danna. Ka bi haɗin da farce: idan farcen ya tsaya, akwai tudu, a gyara tun bai kama ba. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba a gindi, kafin ka kai baki ya zama giɓin da yatsa ke shiga. A kafa guntun a akwatin yashi mai tsabta yadda na sama zai zauna a kan na ƙasa da nauyinsa. Daga gindi ake hawa, haɗi ɗaya ko biyu a lokaci guda, da sassafe, kafin zafi ya sa asiton ya gudu.

Sufa-gulu da gam mai haɗi biyu irin na masu gyaran mota ba su da wuri a nan. Sun fi yumɓun ƙarfi, idan tukunyar ta sake faɗuwa sabon wuri za ta karye, kuma ba sa fita sai da naman tukunyar.

B-72 yana da lago ɗaya: a digiri 40 yake fara laushi. Ma'ajiya a kudancin Masar tana wuce haka a bazara. Na taɓa barin wani dogon tulu a tsaye da kyau, na dawo bayan shekara na same shi ya rusuna kamar mai gaisuwa, haɗin kafaɗarsa ya zame. Tun daga nan nake gauraya shi da B-48N ko B-44, masu jure zafi, kuma ba na barin babban tulu ya ɗauki nauyin kansa.

Idan ka tarar da tsohon gyara, ka bambance. Ramuka biyu-biyu a gefen tsaga na masu tukunyar ne, da igiya suka ɗinke ta, ba a taɓawa. Gam ɗin Turawan ƙarni na 19 kuwa ana cirewa idan yana cutarwa: na fata da ƙashi da ruwan ɗumi, shalak da sifirit, kuma shalak yana haskawa ruwan lemo a ƙarƙashin fitilar ultirabayolet.

Mataki na 9: cike giɓi, lamba, ajiya

A cike giɓi kawai inda tukunyar ke buƙatar tallafi. A ɗumama fallen kakin likitan haƙori, a danna a sashen da yake lafiya ya ɗauki lanƙwasar, a matsar da shi bayan giɓin, a shafe bakin karayar da B-72, a zuba filasta, wato farin garin da ake kwaɓawa da ruwa ya daskare. Launin a bar shi ya ɗan fi na asali haske, yadda daga nesa ba zai ja ido ba, amma wanda ya matso zai san inda hannun magini ya tsaya. Ba a ƙirƙiro baki ko mariƙin da ba a gani ba.

Lamba a ciki ko kusa da gindi ake rubuta ta: shafin B-72, a bari ya bushe, tawada, wani shafin a sama. Tukwanen Masar da yawa gindinsu tsini ne ko mulmulalle, don haka kowacce da gammonta na soso ko yadi. Da hannu biyu ake ɗauka ta ƙasa, ba ta baki ko mariƙi ba. Kantar ƙarfe ta fi ta katako, domin wasu katakai suna fitar da tururi mai tsami da ke haɗuwa da gishiri ya haifar da sabon farin gashi. Takardar lamba biyu, ɗaya cikin jaka, ɗaya a waje, ta roba, saboda gara da ɓera.

Daga kowace tukunya mai muhimmanci a bar guntu ɗaya yadda ya fito, ba wanki ba gam, a naɗe a alminiyom, don na'urar da ba a ƙera ba tukuna. A katinta a rubuta duk abin da ya taɓa ta: kwana nawa ta yi a ruwa, wane gam, kashi nawa, wane hannu, wace rana. A ranar rufe aiki mufattish zai bi rajista yana ƙirga akwatuna ɗaya bayan ɗaya, a ja ƙofar makzan, wato ma'ajiya, a zura waya a kwaɗo, a matse hatimin darma a kai, kowa ya sa hannu. Ba mai sake ganin tukwanen sai sanyin baɗi.